Daga Gadon Asibiti zuwa Filin Wasa: Tarihin Wasannin Nakasassu

Abin da ake kira wasannin nakasassu shi ne duk wasan motsa jiki da aka sauya wa dokoki ko kayan aiki domin ya dace da jikin wanda ya rasa wata gaɓa, ko gani, ko ji, ko ikon sarrafa wani sashe na jikinsa, kamar ƙwallon kwando da ake yi a kan keken guragu, ko ƙwallon makafi da ake zuba wa ƙararrawa a ciki domin kunne ya yi aikin ido. A yau mutane da yawa sun fi son a ce masu buƙata ta musamman maimakon nakasassu, kuma suna da hujja, domin tsohuwar kalmar ta daɗe tana tafiya tare da raini. An yi amfani da ita a nan ne saboda ita ce kowane mai karatu zai gane kai tsaye. Wanda ya ga waɗannan wasanni a talabijin, da manyan filaye da tutocin ƙasashe da lambobin zinare, zai ɗauka cewa reshe ne da ya tsiro daga gasar Olamfik, alhali kuwa mafi girman tushensu a ɗakin jinya yake, kuma an fara su ne a matsayin magani da hanyar koya wa majiyyaci sanin jikinsa.

Kafin a zo ga wannan ɗakin jinya, ya kamata a ba kurame haƙƙinsu, domin su ne suka riga kowa. A shekarar 1924 aka yi gasar kurame ta duniya ta farko a birnin Faris, bisa jagorancin Eugène Rubens-Alcais, wani Bafaranshe wanda shi kansa kurma ne, kuma har yau kurame suna gudanar da gasarsu daban, ƙarƙashin shugabancin 'yan'uwansu. Dalilin wannan keɓewa shi ne, kurma ba ya buƙatar a sauya masa tsarin gudu ko ninƙaya, abin da yake buƙata kawai shi ne a maye gurbin usur da tuta ko fitila, a kuma yi masa magana da hannu, don haka kurame suka ɗauki kansu a matsayin al'umma mai harshenta. Sauran rukunonin ba su sami wannan 'yanci da wuri ba, domin hanyarsu ta biyo ta hannun likitoci.

Laka ita ce farar jijiyar da ta ratsa cikin ƙashin baya tun daga ƙeya har zuwa ƙugu, ita ce ke kai umarnin ƙwaƙwalwa ga gaɓoɓi, ta kuma dawo da labarin zafi da sanyi da taɓawa. Idan ta tsinke, duk abin da ke ƙasa da wurin raunin yakan shanye, mutum ya daina ji, ya kuma rasa ikon riƙe fitsari da bayan gida. A lokacin Yaƙin Duniya na Ɗaya, kusan takwas cikin goma na sojojin da suka sami irin wannan rauni sukan mutu cikin 'yan makonni, kuma abin lura shi ne ba raunin kansa ke kashe mafi yawansu ba. Abubuwa biyu ne ke ƙarasa su: gyambon kwanciya, wato mikin da ke fitowa a ƙugu da ɗuwawu da diddige idan nauyin jiki ya danne fata tsawon lokaci har jini ya daina isa wurin, wanda majiyyacin ba ya jin zafinsa balle ya juya; sai kuma ƙwayoyin cuta da ke shiga mafitsara su haura zuwa ƙoda. Likitocin wancan zamani sun yanke ƙauna daga irin waɗannan majiyyata, akan ajiye su a ƙuryar asibiti ana ba su maganin rage raɗaɗi har rai ya yi halinsa.

Mutumin da ya sauya wannan hali shi ne Ludwig Guttmann, Bayahuden Jamus da aka haifa a 1899 a garin Tost, wanda yanzu yake cikin ƙasar Polan. Ya ƙware a aikin jijiyoyi a birnin Breslau ƙarƙashin Otfrid Foerster, ɗaya daga cikin manyan likitocin jijiya na Turai a lokacin, amma da 'yan Nazi suka hau mulki a 1933 sai aka hana likitoci Yahudawa aiki a asibitocin gwamnati, ya koma asibitin Yahudawa na birnin, inda daga baya ya zama shugaba. A daren da aka afka wa Yahudawan Jamus cikin Nuwamba 1938, ya ba da umarnin a kwantar da duk wanda ya shigo asibitin ba tare da tambaya ba, kuma da jami'an tsaro suka zo bincike ya bi gado-gado yana kare kowane mutum da hujjar rashin lafiya, har ya kuɓutar da 60 daga cikin 64. A watan Maris na 1939 ya fice da iyalinsa zuwa Ingila. Wannan tarihi nasa yana da muhimmanci wajen fahimtar aikinsa na gaba, domin wanda hukuma ta taɓa yanke wa hukuncin cewa rayuwarsa ba ta da daraja ba zai karɓi irin wannan hukunci a kan majiyyatansa cikin sauƙi ba.

A 1943 gwamnatin Birtaniya, wadda take shirin tsallakawa yaƙi zuwa Turai kuma ta san sojoji da yawa za su dawo da karyayyen baya, ta nemi ya kafa sashen masu raunin laka a asibitin Stoke Mandeville da ke kusa da garin Aylesbury. Ya karɓa bisa sharaɗin a bar shi ya gudanar da jinya yadda ya ga ta dace, aka kuma buɗe sashen ranar 1 ga Fabrairu, 1944. Tsarin da ya kafa ba ya buƙatar wata babbar na'ura, yana buƙatar juriya ne da sa ido. Ya wajabta a juya kowane majiyyaci duk bayan awa biyu, dare da rana, ko barci yake yi, domin kada fata ta danne har ta mutu. Ya yi watsi da al'adar fasa mara a bar roba a ciki, ya koma zura robar fitsari mai tsafta lokaci-lokaci a cire ta, abin da ya rage shigar ƙwayoyin cuta ƙwarai, musamman da aka dace da samuwar maganin fenisilin a daidai wannan lokaci. Shi da kansa yakan zagaya cikin dare domin ya tabbatar ma'aikatan jinya ba su tsallake juyi ɗaya ba. Waɗanda suka yi aiki da shi sun shaide shi da tsanani da son a bi maganarsa ba musu, amma majiyyatan da a da ake ƙirga musu makonni sai suka fara rayuwa shekaru.

Daga nan ne babbar tambaya ta taso, wato me saurayi ɗan shekara ashirin zai yi da shekaru arba'in da aka ceto masa. Amsar Guttmann ita ce dole majiyyaci ya fita daga asibiti ya koma aiki har ya riƙa biyan haraji kamar kowa, kuma hakan ba zai yiwu ba sai ya zama shi ne likitan kansa na farko: ya san yadda zai duba bayansa da madubi domin gano jan tabon da ke gabatar gyambo, ya san yawan ruwan da zai sha da lokacin da zai zubar da fitsari, ya iya ɗaga jikinsa da hannuwa daga kujera lokaci-lokaci domin jini ya gudana, ya kuma iya tashi daga gado zuwa keke ba tare da an ɗauke shi ba. Duk waɗannan suna buƙatar ƙarfin kafaɗa da damtse da iya daidaita gangar jiki, kuma atisayen gashin ƙashi, wato motsa gaɓoɓi da ƙwararru ke sa majiyyaci ya maimaita, yana gundurar mai yin sa. Wasa kuwa yana sa mutum ya yi aikin da ya fi haka wahala ba tare da ya lura ba. An fara da wani irin wasa da majiyyata suke kora ƙwallo da sandunan dogarawa a kan kekunansu, da aka ga yana jawo raunuka sai aka bar shi, daga bisani aka koma ƙwallon kwando. Wanda ya fi karɓuwa shi ne harbi da kwari da baka, domin jan tsirkiya yana gina ainihin naman jikin da mai keke yake dogaro da shi, sa'annan wasa ne da mai zaune zai iya karawa da mai tsaye a kan doka ɗaya, kamar yadda Neroli Fairhall ta ƙasar New Zealand ta tabbatar a 1984, lokacin da ta yi harbi daga kan kekenta a gasar Olamfik kanta. A Stoke Mandeville wasa ba zaɓi ba ne, an rubuta shi cikin jadawalin jinya kamar shan magani.

Ranar 29 ga Yuli, 1948, ranar da aka buɗe gasar Olamfik a Landan, mutum 16, maza 14 da mata 2, suka yi gasar harbin kibiya a harabar asibitin, tsakanin majiyyatan Stoke Mandeville da na gidan tsofaffin sojoji na Star and Garter. Da gangan aka zaɓi ranar. Aka ci gaba da yin gasar kowace shekara, a 1952 tsofaffin sojojin Holan suka shigo ta zama ta ƙasa da ƙasa, sa'annan a 1960, da taimakon likitan Italiya Antonio Maglio, aka kai ta birnin Rum jim kaɗan bayan Olamfik, inda 'yan wasa kimanin 400 daga ƙasashe 23 suka hallara. Wannan ita ce ake ƙirgawa a matsayin gasar Paralamfik ta farko. Masaukin da aka ba su benaye ne masu matakala, sai da aka kawo sojoji suna ɗaukar 'yan wasa da kekunansu sama da ƙasa, abin da ya nuna cewa gina filin wasa ya fi sauƙi a kan gyara tunanin masu gine-gine. Gasar Tokiyo ta 1964 ta girgiza Japanawa, domin sun ga baƙi masu keke da suke da aiki da aure suna fita kasuwa, alhali yawancin nasu 'yan wasan daga gadon asibiti aka ɗauko su; shekara guda bayan haka likita Yutaka Nakamura, wanda ya ziyarci Stoke Mandeville ya ga tsarin Guttmann, ya kafa cibiyar samar wa nakasassu aikin yi a garin Beppu.

Shekaru ashirin da suka biyo baya na yawo ne, domin biranen da suka karɓi Olamfik ba su karɓi ƙanwarta ba: aka yi ta 1968 a Tel Abib, ta 1972 a Heidelberg, ta 1976 a Toronto inda aka shigar da makafi da masu yankakkun gaɓoɓi, ta 1980 kuma a Arnhem ta ƙasar Holan bayan Tarayyar Sobiyat ba ta karɓi baƙuncinta ba. A wannan shekara ce Guttmann ya rasu. Sai a 1988, a babban birnin Koriya ta Kudu, aka koma yin gasannin biyu a birni ɗaya da filaye ɗaya, a 1989 aka kafa kwamitin Paralamfik na duniya a Jamus, yarjejeniyar 2001 kuma ta wajabta wa duk birnin da ya nemi ɗaya ya ɗauki ɗayar. Hatta ma'anar sunan ta sauya, domin gaɓarsa ta farko an ciro ta ne daga kalmar da likitoci ke kiran shanyewar jiki daga ƙugu zuwa ƙasa, amma yanzu ana fassara ta da kalmar Girkanci mai nufin kusa da, wato gasar da ke tafiya kafaɗa da kafaɗa da Olamfik.

Sauyin da ya fi wannan zurfi ya faru ne a wajen rarraba 'yan wasa rukuni-rukuni, wanda shi ne ginshiƙin adalci a waɗannan wasanni. Da farko likita ne ke duba sunan cutar mutum ya ajiye shi tare da masu irinta, daga baya aka koma auna abin da jiki yake iya yi a cikin wasan da ake magana a kai, ta yadda wanda shan-inna ta shanye wa ƙafafu da wanda ya karye a baya za su iya haɗuwa a rukuni ɗaya idan ƙarfin gangar jikinsu ya yi daidai. Tsarin yana da rauninsa, kamar yadda ya bayyana a gasar Sidni ta 2000, inda aka gano cewa 10 daga cikin 'yan wasa 12 na ƙungiyar ƙwallon kwandon Sifaniya da ta ci zinare a rukunin masu raunin fahimta ba su da wata lalura, abin da ya sa aka dakatar da rukunin gaba ɗaya har zuwa 2012, marasa laifi suka ɗauki hukuncin masu laifi. Duk da haka, fitar da wasan daga hannun likitoci ci gaba ne na gaskiya, domin ya mayar da majiyyaci ɗan wasa. Abin da aka yi asara a hanya shi ne manufar farko, domin keken tsere na zamani ya fi ƙarfin aljihun talaka nesa ba kusa ba, kuma hasken da ke kan 'yan wasa dubu huɗu da ɗoriya da suka je Landan a 2012 bai kai ga miliyoyin da gyambon kwanciya ke ci a ɗakunan gidajensu ba.

Nijeriya ta fara halartar gasar a Barcelona a 1992, ta dawo da zinare uku, biyu daga ɗan tsere Ajibola Adeoye, ɗaya daga Monday Emoghavwe a ɗaga nauyi, wasan da mutum ke kwanciya rigingine a kan benci, ya sauko da ƙarfe zuwa ƙirjinsa, ya tura shi sama. A wannan fanni ne ƙasar ta yi suna, ta hannun irin su Lucy Ejike, wadda shan-inna ta kama tun tana ƙarama, ta kuma ci zinare a 2004 da 2008 da 2016, da Folashade Oluwafemiayo da ta ci zinare a Tokiyo da Faris. A Landan a 2012 nakasassun Nijeriya sun samo lambobi 13, shida daga ciki na zinare, a shekarar da tawagar Olamfik ta dawo hannu rabbana. A Riyo a 2016 sun samo zinare takwas, takwarorinsu kuwa tagulla ɗaya a ƙwallon ƙafa. Ba a rasa dalilin da ya sa nasarar ta taru a ɗaga nauyi ba, domin benci da ƙarfe ba su da tsada, kuma wanda ya girma yana tafiya da hannuwansa ya riga ya gina ƙirji da damtse tun kafin ya ga mai horarwa. Wannan gaskiya ce mai ɗaci, domin tana nufin wani ɓangare na waɗannan lambobi ya samo asali ne daga cutar da ɗigon rigakafi zai iya hanawa.

A ƙasar Hausa nakasassu sun daɗe da tsarin shugabancinsu, akwai sarkin makafi da sarkin guragu da sarkin kutare, waɗanda suke sasanta rigingimun mutanensu, suke kuma wakiltarsu a fada. Tsarin ya ba su murya da mafaka, amma ya ginu ne a kan fahimtar cewa abincin nakasasshe yana hannun masu sadaka, shi ya sa bara ta zama kamar gado. Sunan shan-inna kansa yana ɗauke da tarihin fahimtar jama'a, domin an ɗauka cewa wata iska ce mai suna Inna take shanye ƙafar yaro, saboda haka akan nufi masu maganin gargajiya, alhali ƙwayar cuta ce da ke fita ta bayan gida, ta shiga baki ta gurɓataccen ruwa ko abinci, ta lalata jijiyoyin da ke motsa gaɓoɓi.

A cikin wannan yanayi ne wani Bakano da cutar ta taɓa, Misbahu Lawan Didi, ya tsara ƙwallon guragu a 1988, wasan da ake kira para-soka. 'Yan wasa suna zama ne a kan ƙaramin katako mai tayoyi, irin wanda guragu suka saba yawo da shi a bakin titi, su sa silifa a tafin hannu su riƙa tura kansu a kan daɓen siminti, su kuma buga ƙwallo da hannu. Darajar wannan ƙirƙira ta wuce ta nishaɗi, domin katakon da jama'a suka sani a matsayin alamar bara shi ne ya koma kayan wasa, kuma ba likita ko baƙo ne ya kawo shi ba, masu lalurar ne suka fitar da shi daga rayuwarsu. Wasan ya bazu a jihohi da dama, ana kuma shirya gasanninsa musamman a kewayen 24 ga Oktoba, ranar yaƙi da shan-inna ta duniya.

Amfaninsa ga ilimin kiwon lafiya ya fito fili bayan 2003, lokacin da wasu jihohin Arewa suka dakatar da rigakafin shan-inna saboda zargin cewa an gurɓata shi, zargin da ya sami gindin zama a zukatan mutanen da ba su manta da gwajin maganin da aka yi wa yara a Kano lokacin annobar sanƙarau ta 1996 ba. Kano ba ta koma rigakafin ba sai a Yulin 2004, a tsakanin nan cutar ta tsallaka zuwa ƙasashe da dama. A aikin dawo da amanar jama'a, wanda sarakuna da malamai suka ja gabansa, ƙungiyoyin masu lalurar shan-inna sun shiga unguwanni tare da masu rigakafi, kuma magidancin da ya rufe wa ma'aikacin lafiya ƙofa yakan yi jinkirin rufe ta ga mutumin da ya zo a kan keken hannu yana roƙon kada a bar wani yaro ya bi sahunsa. An ga mai ɗauke da ƙwayar cutar ta asali na ƙarshe a Nijeriya a jihar Borno a 2016, ranar 25 ga Agusta, 2020 kuma aka tabbatar da cewa nahiyar Afirka ta rabu da ita.

Sai dai waɗanda suka koyar da jama'a ba su sami mai koyar da su yadda ya kamata ba. Sanarwar lafiya da aka yi ta rediyo ba ta isa ga kurma, wadda aka manna a bango ba ta isa ga makaho, kuma asibitin da ba shi da mai fassara maganar hannu yana tilasta wa kurma mai juna biyu ta bayyana sirrinta ta bakin wani ɗan'uwa. Wanda ya karye a baya a hatsarin babur ko mota kuwa, sau da yawa akan sallame shi gida ba tare da an nuna wa masu jinyarsa juyin awa biyu da aka sani tun 1944 ba. Yarjejeniyar Majalisar Ɗinkin Duniya kan haƙƙin nakasassu ta 2006, wadda Nijeriya ta amince da ita a 2010, ta tanadi haƙƙin lafiya a sashe na 25 da haƙƙin wasanni a sashe na 30, dokar hana nuna wa nakasassu bambanci da aka sanya wa hannu a Janairun 2019 kuma ta ba gine-ginen da jama'a ke shiga shekara biyar su gyara hanyoyinsu. Wa'adin ya cika tun Janairun 2024. Ya rage ga ma'aikatun lafiya da na wasanni na jihohi su sa koyar da kula da fata da mafitsara cikin sharuɗɗan sallamar duk mai raunin laka, su ɗauki masu maganar hannu aiki a manyan asibitoci, su kuma ware wa 'yan para-soka fili mai daɓe a kowace hedikwatar ƙaramar hukuma.